Ruwan Karan Dafi da Idon Saniyar Ƙawata

Ni mai rinin kaba ce, haka uwata, haka kakata. A Tawa in ka ga tabarma mai jan layi wanda rana ba ta cinye ba, tambaya, za a nuna maka ƙofarmu. Ban shiga lakkwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba, amma launi na san shi kamar yadda na san ƴaƴan cikina. Jan namu daga karan dafi yake fitowa, wannan dawar da ba a shuka ta don ci, sai don jan ɓawon da ke lulluɓe da karanta. Ana ɓare shi a shanya, a daka, a zuba a tukunya. Sai dai in ruwa kaɗai ka sa, jan ba ya tashi, yana nan fayau kamar ruwan da aka wanke nama. Sai an jefa kanwa. Kanwa na shiga, tukunya ta juye ta yi ja wur har tana neman baƙi, ta kama kaba, ta kama fata, ta kama hannun mai rini. Dubi tafin hannuna, har yau bai koma yadda Allah ya yi shi ba.

Tukunya biyu gare mu a gidan. Babba ta rini, tana tsakar gida kowa na gani. Ƙarama tana ɗaki, ba ta taɓa sanin kanwa ba. A cikinta kakata take jiƙa karan dafi da dafaffen ruwa, ta bari ya kwanta, ta tace da farin ƙyalle, ta wanke idon akuya ko na saniya in ya yi ja yana hawaye. Mutane suna kawo dabbobi tun daga ƙauyuka. Ita ta koya mini, kuma ta ja mini kunne cewa mai magani ba ya ba da kai da ƙafa rana ɗaya. Ka faɗi sunan itace in an matsa maka, amma ka riƙe yadda ake haɗawa, sai wanda ya zauna gabanka ya yi maka hidima. Na riƙe wagga magana kamar karatun salla.

Abin da zan faɗi ya faru ne shekarun da jam'iyyu suka fito kamar gina bayan ruwan farko, kowace da tutarta da makaɗinta. Aka kuma karya darajar kuɗinmu, maganin farmasi ya zama sai dai kallo. Ma'aikata yau suna aiki gobe suna yaji. Arewa kuma babu kwanciyar hankali, mutanen daji suna ta gangarowa da abin da ya rage musu. Ga shi damina ta ƙare da ƙudaje, ciwon ido ya shiga shanu da tumaki, daga wannan garke zuwa wancan.

Cikin waɗanda suka gangaro har da ƙawata, wata Buzuwa da ta fi shekara ashirin tana kawo mini kaba. Ta sauka kusa da Barmu da jikokinta uku da saniya guda, ja, irin ta Azawak, da ɗan maraƙinta. Saniyar nan ido ɗaya gare ta, ƙaya ta tsone na hagu a hanya. Nononta ne abincin gidan.

Wata rana da la'asar, mata sun cika tsakar gidana suna zaɓen kaba, sai ga likitan dabbobi na sarwis ɗin gwamnati. Saurayi ne dogo, mai tabarau, da littafi a hannu. Ya yi sallama, ya gaishe ni, amma a tsaye. Na lura da wannan. Ya ce:

"Inna, an ce mini kina da wani jan ruwa na ido."

Na ce, "An ce maka. To wanda ya ce maka bai ba ka ba?"

Mata suka yi dariya. Shi bai ji haushi ba. Ya ce kabad ɗinsa na magani babu komai ciki sai ƙura, dabbobi na makancewa yana kallo. Ya ce a makarantarsu an koya musu cewa launin da ke cikin tsirrai, ja ko ɗorawa, wani yana kwantar da kumburi, kuma masu bincike suna ɗiga irinsa a idon zomaye su ga ko ja zai ragu. Yana son kwalba guda ya aika Yamai a duba masa abin da ke ciki.

A duba. Wato a auna ni, ni da kakata, a gaban mutanen da ban sani ba. Na tuna ruwan ƙaramar tukunya, yadda yake fayau ba kwarjini. Na ce a raina, in wanga yaro ya ɗaga shi a rana gaban manyansa, za su ce tsohuwa ta aiko da ruwan wanke-wanke. Kuma ai ba ido za a sa ba, na'ura ce za ta kalla. Na karɓi kwalbarsa, na je babbar tukunya, na cika ta da jan da ya fi kowane kyau. Ya ɗaga ta, rana ta bi ta ciki. Har shi sai da ya ce masha Allah. Sannan ya buɗe littafi ya tambaya:

"Mi da mi ke ciki, Inna?"

"Karan dafi."

"Sai mi?"

"Sai ruwa."

"Babu komai bayan wannan?"

"Ɗana, kai ka zo tambaya ko ka zo rantsar da ni?"

Ya rubuta, ya yi godiya, ya fita. Na koma ciniki, raina fes, ina ganin na tsare gidanmu.

Kwana kamar takwas ya dawo, kuma ya sake tarar da mata. Wannan karon ya durƙusa. Ya ce kwalbar ba ta tafi ba, motar sarwis babu isansi, wato fetur, can Yamai ma masu dubawar suna yaji. Don haka ya yanke shawara zai gwada da kansa. Yana da zomaye a keji bayan biro, wato ofishinsa, biyu cikinsu ciwon ya kama su, gobe da safe zai ɗiga musu.

Wallahi nan take na tuna kanwar da ke cikin kwalbar. Na buɗe baki. Kafin in yi magana wata maƙwabciyata ta ce:

"Kai likita, maganin Inna ne za ka gwada? Tun ba a haife ka ba ake warkewa da shi."

Wata ta ce, "Bar shi ya gwada, ya ga abin da takarda ba ta koya masa ba."

Duk suka juyo suna dubana suna murmushi. Ni kuma na gyara ɗaurin kallabi na ce, "Allah ya ba da sa'a." Abin da na ce ke nan. Na sha juya wannan wurin a raina, ban taɓa samun wata magana da na ƙara a kai ba.

Na yi dabara. Zan haɗa na gaskiya, in kai masa da sassafe, in ce wancan ya kwana da yawa ya lalace, ga sabo. Ba wanda zai ji, ba wanda zai sani. Amma na gaskiya ba ya son gaggawa. Sai ruwa ya tafasa ya huce, sai gari ya jiƙa ya kwanta, sai an tace an sake tacewa. Na tashi da asuba na fara, ban gama ba sai da hantsi ya ɗaga. Na ƙulle kwalbar a bakin zane na nufi sarwis.

Ƙofa a rufe, sai gardi, wani tsohon soja da muka saba tsokanar juna, yana zaune gindin itacen bedi yana jan casbi.

"A'a, amarya! Yau ke da kanki? Ko kin zo biko ne?"

"Ina likita?"

"Ko gaisuwa babu? Likita ya yi nisa. Wani ya ara masa isansi, ya hau moto, babur ɗin nan nasa, tun rana ba ta fito ba."

"Zomayen fa?"

"Ya ɗiga musu kafin ya tafi. Ya sirka da ruwa, ya ɗiga, suka ɗan yi zillo suka koma cin ganye. Zo ki gani, ai aikinki ne."

Muka zaga baya. Gardi na gaba yana surutu, sai ya tsaya cak gaban kejin. Zomo na farko ya lafe a kusurwar keji, ido a rufe ya kumbura, yana ta goga fuska da ƙafa. Na biyu idonsa a buɗe, amma baƙin ya yi hazo kamar an hura masa toka. Jan rini ya bi gashin kumatunsu. Gardi ya ce, "Subhanallahi. Ɗazu ba haka suke ba."

Na ce, "Kwalbar tana ina?"

"Ya tafi da ita."

"Ina?"

"Barmu. Wata Buzuwa ta aiko tun shekaranjiya, wai saniyarta mai ido ɗaya, ɗayan ma ya kama. Ya ce ba zai jira ba, in ya jira saniyar ta makance. Ya ce ai maganinki ne, kowa ya san shi."

Buzuwar Barmu mai saniya mai ido ɗaya, ai ƙawata ce. Ita ce. Ni ta aiko wa tun farko, da bakin wani mai jaki, na ce sai na gama rinin da ke hannuna. Da ta ji shiru ta aika sarwis. Kuma na sani, in likita ya ce mata wannan daga hannuna ya fito, ita da kanta za ta riƙe masa ƙaho.

Na ce wa gardi ya yi ta zuba wa zomayen ruwa mai tsabta a ido kada ya daina, na kama hanyar tasha. Ranar gari a mace yake, an kira yajin gama-gari, shaguna a rufe. A tasha motoci na jere babu direba ko ɗaya a ciki. Wani ɗan kamasho ya ce, "Barmu? Inna, yau ko gawa ce sai ta jira gobe." Na tsaya tsakiyar fili, rana na hawa, ina lissafin cewa maganin ido ba sau ɗaya ake sa shi ba. Ya sa na safe, wannan ya wuce. Zai sa na biyu in rana ta karkata. Ido na iya jure na farko tunda ya sirka. Na biyu ban sani ba.

Sai na ji lasifika. Motar wata jam'iyya ce, buɗaɗɗiya, da tutoci da makaɗi da mata a baya, za su mitin Barmu. Shugabar matan ta san ni, don a unguwarmu ba a biki sai an kira ni guɗa. Na kama ƙarfen motar.

"Hajiya, ku tafi da ni."

"Ke da kika ce duk jam'iyyu tuwon jiya ne da sabuwar miya?"

"Na ce. Ku tafi da ni."

"To ɗaura wanga." Ta miƙo mini kallabi mai hoton mutuminsu. "Kuma duk inda muka tsaya, guɗa."

Na cire nawa na ɗaura nasu. Ni da ban taɓa sa kan wani namiji a kaina ba.

A bakin gari akwai bariyar sojoji, saboda hanyar arewa ce. Aka ce kowa ya sauko ya nuna takarda. Ni ba ni da ko guda. Wani soja ƙarami, da bindiga a ƙirji, ya nuna ƙullin zanena.

"Mi ne ne nan?"

"Magani."

"Buɗe."

Ya ɗaga kwalbar, ya girgiza, ya shinshina. Ina addu'a a raina kada ya zubar, kada ya ce in koma. Ya ce, "Wannan ai ruwa ne." Jiya da wani ya faɗi haka da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na ce, "Ruwa ne, ɗana." Ya miƙo mini. Mai jawabin jam'iyyar ya nuna takardar izini, aka ɗaga ƙarfe muka wuce.

Motar ba ta san ina sauri ba. Ƙauyen farko muka tsaya, makaɗi ya buga, mai jawabi ya hau kan mota ya yi alkawarin rijiya da makaranta. Hajiya ta zungure ni, na toshe hanci na rangaɗa guɗa. Ta fita da kyau, abin haushin ke nan, har mata suka tafa. Ina guɗa ina kallon inuwar motar tana shigewa ƙarƙashinta. Ƙauye na biyu haka. A na uku aka shimfiɗa tabarmi, na ga ana fito da ƙwaryar fura da tukwanen abinci. Na je wurin direba.

"Ɗana, yaushe za mu tashi?"

"Sai an ci, an yi azahar, an gaida mai gari."

"Barmu da nisa daga nan?"

"Ga mai ƙafa? Kin ga wancan tudun? Bayansa akwai wani, bayan wancan ne."

Ban yi sallama da kowa ba. Na bi ta bayan rumbuna na kama hanya. Ƙasar Adar kun san ta, dutse ne da tsakuwa, kuma takalmina na roba ne. Gero ya nuna a gonaki, tsuntsaye na tashi, babu kowa a hanya. Na hau tudun farko ina haki. A na biyu igiyar takalmi ta tsinke, na riƙe shi a hannu. Ina tafe ina magana da kakata. Na ce, ke kika ce a riƙe. Amma ko a cikin haushin na san ba ta ce in ba mutum abin da zai ƙona ido ba. Ta ce a riƙe, ba ta ce a musanya ba. Wannan nawa ne.

Daga kan tudu na hango rijiyar bakin gari, shanu da raƙuma sun kewaye ta, maza na jan guga. Gefe ƙarƙashin wata bishiyar aduwa na ga moto a jingine, da mutane sun yi da'ira. Na sauka da gudu irin na tsohuwa. Da na matso na ga jar saniya a kwance, an ɗaure ƙafafunta, maza biyu sun danne ta. Ƙawata na zaune ta rungume kan a cinyarta tana yi mata magana da harshensu. Likita ya durƙusa, sirinji marar allura a hannunsa cike da ja, ɗaya hannun yana neman buɗe fatar idon.

Ba ni da sauran numfashin kira. Abin da ya fito daga bakina guɗa ce. Kowa ya juyo, har raƙuma. Na iso na bugi hannunsa, sirinji ya faɗi cikin rairayi.

"Inna! Lafiya?"

"Kada ka sa."

"Don mi? Na sa da safe, idon ya ƙara rufewa, na ce ko ƙarfin ciwon ne..."

"Akwai kanwa ciki."

Ya dube ni kamar bai ji Hausa ba. Maza sun bar guga sun matso, sun fi ashirin, da makiyaya da masu jakuna. Ina tsaye da kallabin jam'iyya a karkace, takalmi ɗaya a hannu. Na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, don na san in na rage murya zan rage magana:

"Ruwan rini na ba ka. Na tukunyar kaba. Ba shi ne maganin ba. Zomayenka sun ƙone, na gan su da idona."

Ya cire tabarau. Ya ce a hankali, "Na tambaye ki, Inna. Sau uku na tambaye ki."

"Ka tambaya."

Wani daga baya ya ce, "Tsohuwa da furfura!" Wani ya ce, "Ai ita ce mai maganin Tawa." Likita bai bi ta kansu ba. Ya daka tsawa a kawo ruwa, wanda aka jawo yanzu daga rijiya, a tace da rawani mai tsabta. Ya buɗe idon da yatsu biyu. Na leƙa. Ja ne kamar garwashi, fatar ta kumbura, kan baƙin akwai hazo. Ya yi ta zuba ruwa, buta bayan buta, saniya na nishi tana fizga, ni ina miƙa masa. Yana zubawa yana cewa, ba da ni yake ba, da kansa yake: "Da na jira zomayen. Yini ɗaya kawai. Da na jira." Ƙawata ba ta ɗago kai ba ko sau ɗaya.

Da ya gama na kwance bakin zane na fito da tawa kwalbar. Na ce wannan ne na gaskiya, na kakata, babu komai ciki sai karan dafi da dafaffen ruwa. Likita ya ce ba zai sa wani abu da bai gwada ba a idon nan, ko daga hannun wa ya fito. Na fara cewa shekara nawa ina yi, sai ƙawata ta yi magana, karo na farko, da Hausarta mai nauyi:

"Ja ba ya ƙara shiga idon nan."

Na mayar da kwalbar.

Likita ya ce a ɗaure ta a inuwa, a wanke idon da dafaffen ruwa da ɗan gishiri safe da yamma, a hana ƙuda sauka. Ya ce ba zai yi alkawari ba, kwana huɗu ko biyar za a sani. Dole ya koma Tawa. Ya ce in hau bayansa. Na ce ina nan.

Ba wanda ya ce in zauna, ba wanda ya kore ni. Na ɗauki faifai na zauna gefen kan saniya ina korar ƙuda. Aikina ke nan kwana huɗu, ni da ake aiko wa da jaki a ɗauke ni. Ƙawata tana tatsa, ta ba jikoki, ta ajiye mini nawa a ƙoƙo nesa kaɗan, ba ta cewa ga shi. Nonon ma ya ragu, don saniyar ba ta cin kirki, sai abin da aka kai mata baki. Idon a rufe, hawaye na bin kumatu, ƙasan wurin har yanzu da ɗan jan rini da ya ƙi fita daga gashi. Duk na ɗaga kai shi nake gani.

Rana ta uku mahauci ya zo. Ya zaga saniyar, ya taɓa gadon bayanta, ya ce wa ƙawata:

"Baiwar Allah, makauniyar saniya ba ta kiwo. Yau tana da nama. Bayan sati ƙashi za ki ba ni."

Na ce, "Tashi ka ba mu wuri, angulu."

Ya ce, "Ni angulu ne, amma ba ni na kashe ba."

Ƙawata ta ce masa ya dawo jibi. Da ta faɗi haka na gane ta riga ta yanke: in jibi saniya ba ta gani, wuƙa ce. Kuma bayan wuƙa babu nono, babu abin da zai riƙe yaran nan a daji.

Rana ta huɗu da yamma fatar idon ta ɗan saki, na ga wani siririn haske a tsakani. Na ci gaba da kaɗa faifai, ina tsoron bakina. Washegari da safe mahauci ya iso da igiyarsa, ya tsuguna can gefe. Ƙawata ta wanke idon. Ya buɗe, ba duka ba. Jan ya ragu, amma a gefen baƙin akwai farin tabo kamar ƙwayar gero. Na kaɗa hannu gabansa, ta ƙifta. Mahauci ya ce iskar hannu ce ta ji, makaho ma yana ƙiftawa.

Ƙawata ba ta yi gardama ba. Ta kama ɗan maraƙin ta kai shi can nesa ta ɗaure a gindin wata ƙaya. Ta dawo ta mirgino turmi ta ajiye shi a tsakiyar hanya, ta jawo reshen ƙaya ta shimfiɗa gaba da shi kaɗan. Sannan ta kwance saniyar ta ja da baya. Maraƙi ya yi kuka. Uwar ta ɗaga kai, ta amsa, ta fara tafiya. Kunne zai kai ta wurin ɗanta, wannan kowa ya sani. Turmi da ƙaya kuwa ba su da murya.

Tana tafe a hankali, kai a karkace. Taku biyar, shida. Ta nufi turmin sak. Saura kamar kamu biyu ta tsaya, ta juya kai gefe ta kawo idon, ta yi huci, ta ratse dama. Ta iso reshen ƙaya, ta sake karkata kai, ta zaga shi ta bayansa, ta isa wurin ɗanta ta fara lasarsa.

Mahauci ya naɗe igiyarsa ya ce Allah ya ƙara lafiya. Ni na zauna kan turmin nan, faifai a hannu.

Ƙawata ta zo ta tsaya kaina. Na jira zagi, na jira ko tanammirt, wato na gode da harshensu, ko da yake ban ga abin godiya ba. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce:

"Da kin ce masa ba ki bayarwa, da ya fi."

Na ce, "Da ya fi."

Ta ce, "Gobe akwai motar kasuwa."

Da na koma Tawa na aika aka kira likita. Na shigar da shi ɗaki, inda ko surukaina ba su taɓa shiga ba, na sauko da ƙaramar tukunya na yi komai gabansa tun daga ɓare kara har tacewa ta ƙarshe, yana rubutawa. Ya gwada a kan zomaye, wasu ya sa musu nawa, wasu ruwan gishiri kawai. Bayan makonni ya zo ya ce yana ganin kamar jan ya fi saurin sauka a waɗanda aka sa wa nawa, amma zomayen ba su da yawa, ba zai rantse ba, wataƙila wankewar ce kawai ke aiki. Da can da na cinye shi ɗanye. Na ce to. Ba a daɗe ba aka yi masa canjin wurin aiki, ban san inda littafin ya ƙare ba. Cikin zomaye biyun farko ɗaya ya warke, ɗaya idon ya tafi. Na roƙi gardi ya ba ni shi. Ya rayu a tsakar gidana yana cin ganyen wake, kuma duk wanda ya tambayi abin da ya sami idonsa na gaya masa.

Labarin rijiya ya riga ni isowa gari. Masu kawo dabbobi suka ragu, wasu ba su sake zuwa ba. Kaba kuwa na ci gaba da saye wurin wasu, don shekarar nan ƙawata ba ta zo ba. Sai da wata daminar ta wuce na ji sallamarta a ƙofa, da dami biyu a kan jaki. Muka gaisa gaisuwar mutanen da suka san juna. Na daure har ta sha ruwa, sannan na ce:

"Saniya fa?"

"Tana kiwo. Ta sake haihuwa."

"Tana gani?"

"Tana gani. Sai dai ba ta duban mutum gaba da gaba, sai ta karkata kai ta kawo gefen ido." Ta kwance damin ta fara jera kaba a ƙasa. "In ta dube ni haka, ke nake tunawa. Zo ki zaɓa, na bana sun fi na bara tsawo."